A tambayi yaran ko sun iya karatu

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana a kan firamaren gwamnati ta unguwarmu a nan cikin garin Bauchi, da ra'ayoyin da iyaye suka baje a taronmu da malamai na ƙarshen zangon da ya wuce. Ba zan kama sunan makarantar ba. Ba tonon silili ya kawo ni ba, kuma malamanta maƙwabtanmu ne, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci.

Ni tela ne, 'ya'yana uku ne a makarantar, babbar tana aji huɗu. Ana saura mako biyu a yi taron, wata Asabar tana zaune a shago tana tsince mini zare, ƙafata na kan keke, sai na ce ta buɗe littafin awo ta karanto mini sunan mai shaddar da ke kan tebur da tsawon rigarsa. Lambar ta kawo ta daidai. Da ta zo kan sunan sai ta ɗora yatsa ta yi shiru. Na ce ƙila rubutuna ne ya cakuɗe mata, na sauko da kalandar bango mai manyan baƙaƙe na nuna mata kalma ɗaya. Ta daɗe tana kallonta, can ta ɗago idanunta sun cika da ƙwalla. Yarinyar nan ita ta zo ta bakwai a ajinsu. Tana rera taken ƙasa ba gargada, tana jero jihohi 36 da manyan biranensu. Ashe duk hadda ce, kunne ya ɗauka baki ya mayar. Ranar ban iya ƙarasa ɗinkin ba.

Da wannan abu a raina na je taron. Wani dattijo ne ya fara magana, ya yi godiya a kan katanga da sabon fenti da rijiyar burtsatse, ya ce makarantar ba ta taɓa kyau irin na bana ba. Gaskiya ya faɗa, da can awaki a cikin aji suke kwana. Wani ɗan kasuwa ya ce shi sallama ya zo yi, zango mai zuwa makarantar kuɗi zai kai nasa, duk mai hali ma ya yi haka. Daga nan aka yi ca a kan malamai: suna makara, suna latsa waya, wasu na sayar da kaya a ofis. Daga ɓangaren mata wata uwa ta ce ita damuwarta makewayi, domin 'yarta sai ta koma gida idan buƙata ta taso, kuma idan ta koma ta koma ke nan. Wannan magana ta cancanci a tsaya a kanta, amma aka wuce. Muka kwashe awa biyu, babu wanda ya tambaya ko yaran sun iya karatu. Da na miƙe na ba da labarin 'yata, wuri ya yi tsit. Bayan an tashi mutum biyar suka tare ni a bakin ƙofa, kowa yana cewa shi ma zai gwada nasa da daddare.

Gani ya kori ji, don haka ranar Litinin na rufe shago na nemi izinin hedimasta na zauna a bayan aji biyu, inda ƙaramin ɗana yake. Na ƙirga yara da idona, sun haura ɗari. Bencin mutum uku ya ɗauki biyar, sauran suna ƙasa a kan buhu, wasu na rubutu a kan cinya. Malama ɗaya ce, muryarta ta dishe tun kafin a fita tara. Ta rubuta ba, be, bi, bo, bu a allo, ta faɗa, aji ya amsa da ƙarfi har kwanon rufi yana amsawa. Mai wucewa ta waje zai rantse karatu ya kankama. Amma daga inda nake ina ganin na baya ba allon suke kallo ba, bakin na gaba suke bi. Ko da malamar ta ba kowane yaro minti ɗaya ta ji karatunsa shi kaɗai, sai ta ci kusan awa biyu, alhali darasin bai kai awa ɗaya ba. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Na fito ina jin kunyar maganganun da aka yaɓa wa malamai a taro. Akwai masu sakaci a cikinsu, ban musa ba, amma wannan baiwar Allah abin da za ta iya ke nan.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, mu Hausawa mun san yadda ake gane yaro ya iya karatu, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar allo malam yana biya wa yaro shi kaɗai, kuma ba a wanke allo sai ya kawo karatun ba kuskure. Idan ya dawo daga Islamiyya uba kan zaunar da shi bayan magariba ya ji haddarsa. Amma ɓangaren boko sai muka saki, mun ɗauka yunifom da katin sakamako sun wadatar. Shekara na zagayowa a tura yaro gaba, ya iya ko bai iya ba, har ya kai aji shida yana zana abin da ke allo kamar mai zanen hula. Ni kaina shekara huɗu ina ba da kuɗin tara kullum safe, ban taɓa miƙa wa 'yata takarda na ce karanta ba. Mu ne kuma muke ɗora musu talla da safe su isa aji rana ta take.

Ga masu cewa mafita ita ce makarantar kuɗi, ina ba su shawara su yi wannan gwajin kafin su biya. Akwai masu kyau, akwai kuma gidan ɗaki uku da aka liƙa wa allon suna. Gaisuwa da Turanci ba ita ce karatu ba. Yawancinmu ma ba mu da halin biya wa yara uku ko biyar.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. Gwamnatin tarayya na ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarta domin wannan, jiha kuma sai ta ajiye nata kason kafin ta karɓi tallafin. Gini shi ido ke gani, shi ake yanke wa ƙyalle, shi ya sa mu ma iyaye muka koyi auna makaranta da fenti. Kuma a jihar nan an taɓa gwada abin da ke aiki. Shirin Mu Karanta da aka yi a Bauchi da Sakkwato da tallafin Amurka ya sa littafin Hausa a hannun 'yan aji ɗaya zuwa uku, aka horar da malamai yadda za su fara daga sautin baƙi zuwa gaɓa zuwa kalma. Ɗan yayana da shi ya tashi, yana aji biyu yake karanta wa kakarsa saƙon waya. Malamai ma ba ƙasa za a haƙa a samo su ba: kwalejojin ilimi na Azare da Kangere suna yaye masu NCE, wato takardar shaidar malanta, duk shekara, wasunsu a unguwarmu suke ba aikin yi. Garin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riƙe alli har ya zama hedimastan makarantar Midil, inda Malam Aminu Kano ya koyar, bai dace a ce 'yar aji huɗu tana kuka a gaban kalma ɗaya ba.

Roƙona ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha shi ne, idan za a ɗauki sabbin malamai a fara cika aji ɗaya zuwa uku da su, a raba ajin ɗari gida biyu ko da a ƙarƙashin bishiya ne. Kai kuma Edita, idan za ka tura wakilinka makarantu, ya tafi da 'yar takarda mai layi huɗu na Hausa, ya miƙa wa yara goma.

Mu a namu ɓangaren mun kai maganar gaban kwamitin kula da makaranta, wanda mai unguwa da liman da wakiliyar mata suke ciki. Hedimasta ya amince duk ƙarshen zango a zaunar da yara ɗaya bayan ɗaya a gaban iyaye, a ba su abin da ba su taɓa gani ba su karanta, a rubuta adadin waɗanda suka iya a liƙa a ofishinsa. 'Yata kuwa wani matashi mai NCE a layinmu yana zama da ita da yara shida bayan la'asar, muna haɗa masa ɗan abin da ya samu. Shekaranjiya ta buɗe littafin awo da kanta, ta bi da yatsa a hankali, ta ce, “Baba, wannan Habu ne.”

Naku,
Wani uba mai ɗinki, daga Bauchi