Wasiƙa a Kan Waƙoƙin Gwaggo

Assalamu alaikum, abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya tare da iyali da mutanen zango. Shirun ya yi yawa, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne jikin Gwaggo, wadda ƙarfinta yake raguwa tun bayan damina, ko da yake haddarta tana nan daram.

Na fara zama wurinta bayan la'asar ina rubuta waƙoƙin 'Yan Taru, wato ƙungiyar ilmantar da mata, waɗanda ta koya a bakin kakarta. Ka san asalinsu: Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara su da ajami, sannan matan da ta naɗa jaji, masu sanya malfa, suka haddace su suka kai wa matan ƙauyuka waɗanda ba su iya karatu ba. Waƙar ta taso daga takarda ta koma baki, yanzu kuma ga ni ina mayar da ita takarda da boko. Da na karanta mata baiti ɗaya daga littafina, sai ta girgiza kai ta ce kalmomin dai su ne, amma ba haka waƙar take ba. Gaskiyarta kuwa, domin bokonmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, balle wurin da take jan murya ta dakata a yi mata amshi, alhali a can ma'aunin waƙar yake.

Na san za ka ce abin da ba a rubuta ba yakan tafi da mai shi, kai da ko cefane sai ka rubuta. Ban ƙi taka ba, don baitocin da suka kuɓuce mata a tsohuwar takardar ajamin Baba na samo su. Sai dai a ganina magabatanmu ba su nufi rubutu ya tsaya shi kaɗai ba, sun ɗauke shi kamar allo ne, a rubuta domin a haddace a rera. Saboda haka yanzu ina naɗar muryarta da waya, 'yan matan gida kuma suna zaune suna bin ta baiti-baiti.

Roƙona shi ne ka bincika mini a Kumasi ko akwai tsofaffin da suke rera irin waɗannan waƙoƙi, tunda a ƙasarku ne Malam Shaihu ya rubuta wa wani Bature mai suna Rattray tatsuniyoyin da aka buga a 1913. Idan ka samu, ka naɗo mini muryarsu, ina so Gwaggo ta saurara tun tana iyawa. Ka sa ta a addu'a.

Naka har kullum,
daga Sakkwato