Dogo, an ba ni zaɓen jar giyar gidanmu

Dogo mutumina,

Gaisuwa mai yawa. Ya Jos, ya hunturu, ya uwargida da yara? Na san kana can kana yaɗa cewa Cape Town ta haɗiye ni. Aiki ne ya sha mini kai, kuma kai ma ko layi ɗaya ba ka aiko ba, to kada ka soma. Ina da tambaya kan filin nan na bayan gidan Kawu, amma bari in fara sauke labarin da ke cina.

Maigidan abincin da nake wa aiki ya ɗora mini zaɓen jar giyar inabin da za mu riƙa zuba wa baƙi kofi-kofi a wannan lokacin zafin, don ka san nan Disamba zafi ake yi. Ni, Dogo! Sharaɗinsa biyu: kada kwalba ta wuce rand 100, kuɗin nan Afirka ta Kudu, a hannun dila, kuma ta zama mai ƙamshin 'ya'yan itace, wadda mutum zai sha da rana tsaka ba ta danne shi ba. Daren da ya faɗa mini ban runtsa ba don murna.

Na naɗe kowace kwalba da takarda don kada suna ko farashi ya ja mini ra'ayi. Ka zuba kaɗan, ka karkata kofin a kan farin ƙyalle ka duba launi, ka juya shi, ka cusa hanci, sannan ka kurɓa ka jujjuya ta a baki ka tofar a bokiti. Tofarwa ake yi, kafin ka ce na zama mashayi. Maki 20 ne duka: 3 na launi, 7 na ƙamshi, 10 na ɗanɗano.

Kowace giya da sunan irin inabinta ake kiranta. Merlot ɗin da aka kawo ta samu 13. Laushi gare ta, amma da ka haɗiye shi ke nan, babu abin da ya rage a baki. Shiraz ta fi ta nesa ba kusa ba, har da ƙamshin masoro, sai dai ƙarfinta kashi 14.5 cikin ɗari ne, kofi ɗaya da rana mutum ya nemi wurin kwanciya. Na ba ta 15 da zuciya ɗaya, amma ba ta wannan aikin ba ce.

Pinotage ce ta ba ni wuya, don 'yan ƙasar nan tasu ce, ba a taɓa musu ita. Wani malamin jami'ar Stellenbosch, Abraham Perold, shi ya samar da irin a 1925, da ya haɗa inabin Pinot Noir da na Cinsault. Masu arahar da yawa ƙamshin gahawa da cakulan suke yi, kuma ba gahawa aka zuba ba, katakon da aka babbaka aka jiƙa a ciki ne yake ba da shi. Baƙi na son haka sosai. Ni kuwa ina ganin katakon ya rufe inabin ruf, sai na tsaya a 14. Mai dafa abincinmu ya yini bai yi mini magana ba.

Af, da gaske ne Gajere ya kai kuɗin gaisuwa gidan su yarinyar nan ta ƙungiyar mawaƙa? Yaya ce ta tsegunta mini a waya, ta ce har an sa rana bayan Ista. In haka ne, kai da ka rantse ba za ta kalle shi ba, ka shirya biyan bashin kaza.

To, wadda ta ci: Cinsault daga Swartland, arewa da nan, inda ake da tsofaffin kurangar inabi gajeru da ba a yi musu ban ruwa. Launinta ja ne garau, kana hango yatsanka ta cikin kofin. Ƙamshinta sak sitiroberin da matan nan ke tallarsa a roba a bakin titin Jos, ga ɗan tsami mai wartsake baki, ga bauri kaɗan ƙwarai. Baurin daga ɓawon inabi da ƙwayarsa yake fitowa, wannan irin kuwa ba shi da shi da yawa. Na sa ta a firji kamar minti 20 kafin in zuba, ta ƙara fitowa. Maki 17. Da na kware takardar, ashe tana cikin mafi araha. Shekara da shekaru an raina inabin nan, ana cakuɗa shi cikin wasu don a cika ganga, ga shi uba ne ga Pinotage ɗin da ake ta kurantawa. Abin ya taɓa ni.

Ban tsaya nan ba. Na gasa tsire da yajin da Yaya ta aiko, na gwada su duka a kai. Shiraz ta hura wutar barkonon har hawaye, don ƙarfin giya da bauri ƙara zafin yaji suke yi. Cinsault mai sanyi kuwa ta kwantar da shi, ɗanɗanon ƙuli ya fito. Maigida ya ci tsinke biyu, ya ce a yi odarta.

Abu ɗaya ke damuna: Mama. Ta san ina aikin gidan abinci, ba ta san wannan ɓangaren ba, kuma ka san matsayinta a zumuntar mata. Ba na son ta ji a bakin wani. Ni zan faɗa mata da kaina in na zo, don sana'a ce da nake yi da gaskiya kuma ina ƙaunarta. Ka riƙe bakinka har lokacin, musamman a gaban uwargida.

In ka samu mai tahowa, a ƙaro mini yaji, a sa citta da yawa. Ka gaishe da kowa da kowa.

Naka har kullum,
Ɗan Autan Mama