A Tambayi Matashin Masanin Halayya Inda Ya Koyi Aikinsa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta daɗe a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa. Ina roƙon fili in yi magana kan matasan masana halayyar ɗan Adam da suka fara shigowa asibitocinmu, domin yadda iyalai ke karɓarsu yana damuna. Da zarar an ga yarinya ce 'yar shekara talatin, kuma ba ta rubuta magani ba, sai ka ji uban majinyaci ya ce, "To, hira kawai za ta yi masa?" Daga nan an kwashe yaro ke nan. A gefe guda kuma, duk wanda ya buɗe shafi a Facebook ya kira kansa mai ba da shawara, jama'a na zazzage masa cikinsu ba tare da tambayar komai ba.

Wanda ya cancanci sunan masanin halayya mai duba marasa lafiya ya yi shekara huɗu a jami'a yana karanta halayyar ɗan Adam, ya ƙara digiri na biyu a fannin kula da marasa lafiya, sannan ya yi zaman sanin makamar aiki a ƙarƙashin na gaba da shi, a wuri irin asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri. Ba ya rubuta ƙwaya. Wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, kuma sau da yawa tare suke duba mutum ɗaya.

Da yawa daga masanan halayyar suna bin hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda likita Aaron Beck ya assasa a Amurka a shekarun 1960. A ɗauki direban da ya kuɓuta daga hannun masu garkuwa da mutane, ya dawo gida lafiyar jiki lau, amma barci ya gagare shi, ko ƙarar mota ya ji sai gabansa ya faɗi. Za a zauna da shi kusan awa guda kowane mako. A fara da sauraro, ya faɗi abin da ya kasa faɗa wa matarsa. Sannan a bi tunanin da ke cinsa, irin "laifina ne da na bi hanyar," a auna shi tare, a ga ko hujja na goyon bayansa. A koya masa sassauta numfashi idan fargaba ta taso. A ba shi aikin da zai yi a gida: wannan makon ya zauna cikin mota tana tsaye, mako mai zuwa ya zagaya unguwa, a hankali har ya kai tasha. Yawanci cikin watanni kaɗan ake kammalawa. Na ga mutane sun koma neman abincinsu ta wannan hanya, shi ya sa nake jin zafi idan aka kira ta hira.

Na kirki daga cikinsu ba sa raba mutum da addu'arsa, kuma suna jawo dangi cikin jinyar. Wannan ma gadon gida ne: tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya riƙa saukar da majinyata a gidajen ƙauyen Aro kusa da Abekuta, kowa da ɗan'uwansa mai kula da shi, maimakon a kulle su.

Tabbas ƙuruciya tana da giɓinta. Wanda bai daɗe da fara aiki ba zai iya manne wa abin da ke cikin littafi, ya manta cewa matar da ke gabansa ba za ta ambaci sunan mijinta ba, balle ta kawo ƙararsa a zama na farko. Shi ya sa nake so iyalai su riƙa tambaya ba kunya: ina kika yi karatu, wa ke duba aikinki, wace hanya za ki bi da ɗanmu, kuma yaushe za ki tura mu wurin likita? Ƙwararriya za ta amsa da farin ciki.

Tun Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma ma'aikata sun yi ƙaranci ƙwarai. Ina roƙon jaridarku ta ware wa waɗannan matasa shafi ko sau ɗaya a wata, su yi bayanin aikinsu da Hausa, masu karatu kuma su aiko da tambayoyi.

Taku mai karatu,
Wata ma'aikaciyar jinya, daga Kaduna