Tsoron Allah na kakar zaɓe

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi wa Hausawan Legas albishir: 'yan siyasa sun fara shiryuwa, alamar zaɓen 2027 ya ƙarato ke nan. Mutumin da rabonsa da ƙofar masallacinmu a Agege tun 2023, sai ga shi ranar Juma'a a sahun gaba, da babbar riga sabuwa fil da hula ƙube, yana jan dogon carbi, mai ɗaukar hoto na biye da shi. Ran Lahadi kuma ka hango shi a coci a Ikeja yana taka rawa da farin hankici.

Mu ma dai ba waliyyai ba ne. In azumi ya zo aka kawo ɗan buhun shinkafa mai hoton ɗan takara, wanda ya fi kowa zagin gwamnati a teburin mai shayi shi ke fara shiga layi, har ya karɓar wa maƙwabcinsa da ya koma Kano tun bara. Wani limamin kuwa, addu'arsa takan ƙara tsawo gwargwadon kaurin ambulan.

Da aka hana acaɓa a Ikeja, Surulere da Apapa a watan Yunin 2022, yaranmu da dama suka rasa abin yi, ban ga mai carbi ko ɗaya ya zo jaje ba. Da kakar kamfe ta kama 'yan siyasar suka dawo, muka tarbe su da kabbara.

Roƙona ga kwamitin masallaci: wannan karon a karɓi kuɗin gyaran rufi a hannu tukuna, sannan a ɗaga hannu a yi addu'ar.

Mai karatunku,
daga Agege, Legas