Wasiƙa zuwa ga aminina a Ingila kan sayen kyamara

Assalamu alaikum, Dokta.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, kuma karatu yana tafiya yadda ake so. Na san har yanzu ba su ba ka digirin ba, amma mu nan majalisa mun riga mun naɗa ka, saboda haka sai ka haƙura da sunan. Shirun da ke tsakaninmu ya yi tsawo har Hajiya ta fara tambayata ko wani abu ne ya haɗa mu, na ce mata babu komai sai nisa da hidima. Da yake na ji labarin za ka zo gida kafin Babbar Sallah, na ga ya kamata in rubuto maka tun da wuri, domin akwai nauyin da nake so in ɗora maka.

Na yanke shawarar ajiye tsohuwar Canon ɗina, wato 5D Mark II ɗin nan da ka sani. Ba ta yi mini laifin komai ba, sai dai ƙirar 2008 ce, jikinta kaɗai ya haura giram 800 kafin a ɗaura mata lens, kuma duk inda na ɗaga ta a Kurmi ko a marinar Ƙofar Mata sai mutane su bar abin da suke yi su gyara tsayuwa, alhali ni hannun mai rini a cikin baba nake nema. Abin da nake so yanzu shi ne ƙaramar kyamara marar madubi, irin mai shafaffen kai wadda tagar leƙenta take a kusurwar hagu, kamar yadda Leica take tun zamanin M3 ta 1954. Amfanin wannan ƙira shi ne mutum ya leƙa da idon dama, idon hagu kuma yana buɗe yana kallon hanya, rabin fuskarsa a fili, ta yadda wanda ake ɗauka yana ganin ɗan Adam ne a gabansa. Leica kam ba ta aljihuna ba ce, kai ma shaida ne. Bayan dogon nazari, zaɓin ya tsaya tsakanin Fujifilm X-Pro3 da ta fito a 2019 da Sony A7C da ta fito a 2020, dukansu na hannu, tunda a can wurinku an fi samun waɗanda ba su sha wahala ba.

In aka bi lissafi zalla, Sony ce ta ci. Sensarta, wato ɗan faifan da ke karɓar haske a madadin fim, cikakkiya ce, girman fim ɗin da muka fara koyo da shi, milimita 36 da 24 ko kusa da haka, ita kuwa ta Fuji ba ta kai rabin wannan fili ba, duk da cewa megafiksel 26 gare ta, Sony kuma 24. Wannan bambanci ba ya fitowa da rana, amma yana fitowa a wurin kamu ko dina, inda za ka tarar da zaure mai duhu da fitilu masu launi suna ta juyawa a kan amarya. Sony tana da na'urar da ke rage girgizar hannu a cikin jikinta, Fuji ba ta da ita. Sony tana kama idon mutum ta bi shi duk inda ya juya, ta Fuji kuwa ba ta kai ta wannan naci ba. Batirin Sony an ƙiyasta shi a kan hoto sama da 700 in ana amfani da allon baya, na Fuji kuma yana wajen 400, kuma ba sai na tuna maka yadda wuta take a unguwarmu ba. Abin mamaki, nauyinsu kusan ɗaya ne, kowacce tana wajen rabin kilo. Duk yaran da muke aikin biki tare da su Sony suke ce mini, kuma suna da hujja, domin in lens ɗinka ya ba ka matsala a tsakiyar biki, a hannunsu za ka iya aron wani.

To amma abin da ya hana ni rufe maganar shi ne ita tagar leƙen, wadda domin ita nake son wannan ƙira tun farko. A nan ne Sony ta yi rowa. Domin su ƙanƙantar da kyamarar sai suka sa mata ƙaramar taga mai ɗigo miliyan 2.36, wadda take nuna abu ƙanƙane, har masu ita da dama suna cewa da allon baya suka koma ɗauka. Wani abokin aiki ya ba ni tasa na sa a idona, sai na ji kamar ina leƙen ɗaki ta kafar makulli, ga kuma tabarau da ke hana idona matsawa kusa. In har da allo zan riƙa ɗaukar hoto a tsakar ranar Kano, inda hasken rana yake shafe komai a kan gilashi, to ban ga abin da na saya ba.

Ita kuwa Fuji taga biyu ta haɗa a wuri ɗaya, kuma da ɗan makunnin da ke gaban kyamarar ake sauya su. Ɗaya gilashi ce tsagwaronta, kana ganin duniya da idonka ba tare da jinkiri ko ɗaukewar hoto ba, sai farin layi mai kusurwa huɗu da ke nuna maka iyakar abin da zai shiga hoton. Ɗayar ta lantarki ce mai ɗigo miliyan 3.69. Ka yi tunanin Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, lokacin da mahaya suke sukuwa domin jinjina: ta gilashin nan kana ganin dokin tun yana wajen layi, kafin ya shigo, sai ka jira shi ya iso inda kake so sannan ka danna. Yawancin sauran kyamarori sai abu ya shigo cikin hoto kake sanin zuwansa. Tana da nata iyakoki, ban musa ba. In ka ɗaura dogon lens sai layin ya tsuke ya zama ɗan ƙaramin akwati a tsakiya, in lens ɗin mai kauri ne sai ya tare maka kusurwar ƙasa ta dama, in kuma abu yana kusa sosai, abin da ido ya gani da abin da lens ya ɗauka sukan ɗan saɓa. A irin wannan hali sai a koma ta lantarki. Amma ni da yawancin aikina na kan titi da gajerun lens nake yinsa, tsakanin milimita 23 da 35, wannan iyaka ba ta takura mini.

Akwai kuma maganar katin ajiya, wadda nake ganin yaran nan ba sa ba ta muhimmancin da ya kamata. Fuji tana cin kati biyu, tana rubuta kowane hoto a kan dukansu, Sony kuwa ɗaya take ci. Hoton kasuwa in ya ɓace gobe ma rana ce, amma ɗaurin aure ba a maimaita shi, kuma ban san bakin da zan yi wa uwar amarya bayani da shi ba in kati ya mutu. Haka nan labulen Fuji, wanda ke buɗewa ya rufe in an danna hoto, saurinsa yana kai ɗaya bisa 8000 na daƙiƙa, na Sony yana tsayawa a ɗaya bisa 4000, abin da ke da amfani in ana son buɗe lens sosai da rana tsaka.

Lens ɗin ma shi ne asalin kuɗin, ba jikin kyamara ba. Fuji tana da ƙanana masu buɗin f/2, wato masu shigar da haske sosai, na milimita 23 da na 35, kowanne bai kai giram 200 ba, kuma an toshe su daga ƙura da yayyafi kamar yadda aka toshe jikin kyamarar, wanda hunturunmu zai gwada gaskiyarsa. Sony ma ta fitar da ƙanana guda uku a 2021, na 24 da 40 da 50, ga kuma na Sigma da Tamron birjik. Sai dai na san halina, in na sayi Sony zan ƙare da Tamron 28-75 ne saboda biki, wanda shi kaɗai ya fi kyamarar nauyi, ka ga an koma gidan jiya. Na san za ka ce in sayi mahaɗi in ɗaura tsofaffin lens ɗina na Canon a kanta, domin kai a wurinka duk abin da bai fashe ba sabo ne, shaida kuwa jakar nan da ka tafi da ita, wadda muka sani tun muna Bayero. Amsar ita ce in na yi haka girman da na gudu ne zai biyo ni.

Abu ɗaya da ke damuna game da X-Pro3 shi ne allonta. Da gangan suka kifa shi ciki, sai ka buɗo shi ƙasa kake ganin hoton da ka ɗauka, a bayan kuma suka bar ɗan ƙaramin allo da ke nuna irin launin fim ɗin da ka zaɓa. Manufarsu ita ce mai hoto ya daina duba kowane hoto ya mai da hankali kan abin da ke gabansa. Wannan ya dace da wanda ke yawo shi kaɗai, amma waɗanda suka tsara ta ba su taɓa shiga tsakiyar ƙawayen amarya ba, inda kowacce sai ta ce a nuna mata kafin ta bar ka ka matsa. Buɗewa da rufewar za su yi yawa, kuma masu ita da dama sun yi ƙorafin cewa siririyar wayar da ke haɗa allon da jiki takan lalace. In ta lalace a nan, mai gyaran da zai taɓa ta da wuya a same shi.

Duk da haka zuciyata tana wajen Fuji, kuma dabarar da nake gani ita ce in bar Canon domin zauren dare har ƙarfinta ya ƙare, ita kuma sabuwar ta zama ta titi da hawa da ɗaurin auren safe. Roƙona shi ne ka shiga shagon kyamarori na hannu ka sa kowacce a idonka da tabaranka a fuska, tunda matsalarmu ɗaya, ka faɗa mini ko kana ganin kusurwoyi huɗu ba tare da juya kai ba. In ka samu X-Pro3, ka tambayi yawan hotunan da ta taɓa ɗauka, ka buɗe allon ka rufe a hankali kana lura ko hoton yana ɗaukewa, ka cire lens ka duba sensar a haske, sannan ka nemi wadda shagon ya ba ta garanti a rubuce. Baƙar ta yau da kullum ta ishe ni, domin mai rufi na musamman da suke kira Dura ta fi tsada kuma tana riƙe sawun yatsu. Ka haɗo da lens na milimita 23 da ƙarin batir biyu na asali. Batiran ka sa su a jakar hannu, domin kamfanonin jirgi ba sa yarda a sa su cikin kayan da ake aunawa.

Kuɗin yana hannun ƙaninka tun makon jiya, sai ka faɗa mini yadda kake so a turo maka da kuma farashin fam ɗin da za mu yi lissafi a kai. Hajiya tana gaishe ku, mutanen majalisa ma haka. Ka miƙa gaisuwata ga uwargida da yara.

Wassalam,
Naka amini, daga Kano.