Zuwa ga Abba, kafin ka kama hanyar Borno

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, saƙonka ya iso cewa kun gama horo a Zariya, kuma Borno aka tura ku. Innarka ta sha kuka, da la'asar kuma sai ga ta tana zagaya maƙwabta da hotonka cikin kaki. Gero ya yi kyau bana, alhamdu lillahi, riɗi ne bai yi auki ba.

Ka san sunan wanda kake ɗauke da shi. Kakanka yana cikin runduna ta 81 da Turawa suka kwasa a jirgin ruwa zuwa Indiya a 1943, daga nan suka nausa dajin ƙasar Bama (Burma) don yaƙar Japanawa a Yaƙin Duniya na Biyu. Bai cika ba da labarin harbi ba. Abin da ya fi ambata shi ne dakon harsashi a ka cikin ruwan da ba ya ɗaukewa, da tsutsar da ke maƙale wa mutum a ƙwauri tana shan jini, sai an ɗana mata wutar sigari ta saki. Lambobinsa na girma a gwangwanin taba ya ajiye su ƙasan adaka, kuma duk damina sai zazzaɓin can ya kwantar da shi.

Amma akwai abin da ba na zaton an gaya muku a bariki. Sojan da suka fasa ganuwar Kano a 1903, suka zo Haɗeja a 1906 aka kashe Sarki Muhammadu Mai Shahada da jama'arsa, hafsoshinsu ne kawai Turawa. Masu ɗana kunamar bindigar baƙaƙen fata ne, da yawansu Hausa suke ji kamar ni da kai. Asalin rundunar da ka shiga ke nan. Ita ce kuma daga baya ta je Kwango kwantar da tarzoma (barikin Bukavu na Kano daga can ya samo suna), ta yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, ta je Laberiya da Saliyo. Ta kare mutane, ta kuma taɓa cutar da su. Ni dai roƙona kada hannunka ya shiga na biyun.

Inda za ka, talakawa sun riga sun jigata. In an ajiye ka a shingen bincike, dattijo ya zo da buhun wake a bayan babur, kada ka sa shi tsallen kwaɗo, kada ka karɓi ko sisinsa. Ka gaishe shi yadda za ka gaishe ni. Mutumin da ka wulaƙanta da safe ba zai zo da dare ya gaya maka an binne bam a hanya ba.

Kowa ya ji sunan Laftanar Kanal Muhammad Abu Ali da 'yan Boko Haram suka kashe a Malam Fatori ta Borno a 2016, kuma ya cancanta a san shi. Ƙananan sojan da suka faɗi a harin Metele, can Borno, a 2018 fa? Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojan da suka kwanta dama, manya za su ajiye furanni a Abuja, su saki tantabaru, amma iyaye da matan waɗannan ne kaɗai ke riƙe da sunayensu. Don haka, kada ka ce na yi maka mugun baki: takardar magaji ka cika ta da kyau, sunan matarka daidai yadda yake a katinta. Akwai wata baiwar Allah a nan garin, harafi ɗaya ya saɓa, har yau tana yawon ofisoshi da marayu.

Ƙwaya kuwa, ko an ce maganin tsoro ce, kada ka kusance ta. Kada ka sa hoton inda kuke a Facebook. Salla ko a rami ne ka yi ta, malam ya ce ƙasaru ta halatta muku a tafiya.

Rabi da yarinyar suna lafiya, sun dawo wajenmu har ka samu hutu. Direban motar Maiduguri zai kawo maka ƙuli-ƙuli da yaji ranar kasuwa, ka bar wayarka a kunne. Allah ya tsare, ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam,
Mahaifinka