A auna ɗaki kafin a sayi esi

Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu ja hankalin magidanta kafin bazara ta kankama, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, jama'a su yi ta tururuwa Sabon Gari neman esi, wato na'urar sanyaya ɗaki.

Gidajenmu ba su da bututun raba iska a cikin silin, don haka kowane ɗaki da nasa. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da faɗi, esi mai ƙarfin doki ɗaya ya ishe shi. Falo kuwa sai ɗaya da rabi ko biyu. Idan saman bene ne, ko bangon na shan ranar yamma, a ƙara rabin doki. In kuwa kwano ne tsirara, a fara buga silin tukuna, domin babu injin da zai iya da rufin da ke gasa ɗaki.

Sai batun wuta. Tsohon samfuri yakan ja wuta ninki uku ko fiye yayin tashi, shi ya sa ƙaramin janareta ke shaƙewa. Sabon samfuri, wanda ake kira mai inbata, a hankali yake tashi. Inda wuta ke zuwa da rauni, a sa sitabilaiza, kada kwamfiresa, wato injin da ke tura gas ɗin esi, ta ƙone.

Wajen haɗawa aka fi cutar mutane. Dole mai haɗi ya zuƙe iskar cikin bututun gas da injin bakyum kafin ya saki gas, ya kuma shafa ruwan sabulu a mahaɗai ya duba kumfa. Gas ba fetur ba ne, ba ya ƙarewa. In ana ce maka a ƙara duk shekara, to yoyo yake yi, kuɗinka kawai ake ci. Ragar gaba kuma a wanke ta duk mako biyu, ƙurar garin nan ba ta da sauƙi.

Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi kula mai ruwa, wato fankar da ke sanyaya iska da ruwa. Tana aiki sosai a busasshiyar iskar Maris da Afrilu, muddin an bar taga a ɗan buɗe. Da damina ta faɗi, sai dai ta ƙara maka gumi.

Sanyin hunturu ba ya buƙatar wani inji, bargo da toshe kafofin taga sun wadatar. Amma don Allah a daina kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki. Gubar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. A ɗumama ɗakin da ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta.

Daga wasu masu haɗa esi da firji,
Fagge, Kano.